A fara ba su takardar fili

Wani labari ya ce gwamnati za ta zaunar da makiyaya wuri guda. To madalla, amma a filin wa? Tun 1965 aka yi dokar gandun kiwo a Arewa, aka ware sama da 400, amma ko rabinsu ba a sa a gazet, wato jaridar gwamnati da ke tabbatar da su a hukumance, ba. Da yawa an cinye, burtali ya koma gonar masara. RUGA kuma, wato shirin gwamnatin tarayya na samar wa makiyaya matsuguni, a Yulin 2019 aka dakatar da ita.

Ni dai abin da na gani shi ne, Bafulatanin da ba shi da takardar mallaka ba zai kashe kuɗin shanunsa ya haƙa rijiya ko ya ɗora bulo ba, alhali gobe wani mai unguwa na iya sayar da wurin. Shi ya sa har yanzu bukkar kara yake yi.