Zakaran bugu a besbol ba shi ne mai yawan fitar da ƙwallo ba

Da yawa daga masu bin gasar besbol ta Amurka suna ɗauka wanda ya fi tsallakar da ƙwallo bayan katanga shi ne zakaran bugu na kakar wasa. Ba haka lissafin yake ba. Ana raba yawan bugun da ya kai ɗan wasa tasha lafiya (wato ɗaya daga cikin wuraren tsayawa da mai bugu ke rugawa bayan ya bugi ƙwallo) da yawan zuwansa bugu; wanda makinsa ya fi yawa shi ne zakara. A 2024 Aaron Judge ya tsallakar da ƙwallo sau 58, amma kambun rukuninsu (ɗaya daga cikin rukuni biyu na gasar) Bobby Witt Jr. ne ya ɗauka: bugu 211 cikin 636, wato .332, Judge kuwa .322.

Idan mai jifa, wato wanda ke jefo wa mai bugu ƙwallo, ya yi jifa a karkace sau huɗu har aka ba mai bugu tashar farko kyauta, wannan zuwan ba ya shiga rabon.

Ga sharaɗin da aka fi mantawa: sai mutum ya tsaya gaban mai jifa sau 502 a wasanni 162, kuma a nan tashar kyauta tana shiga ƙirga. A 1996 Tony Gwynn na San Diego ya tsaya sau 498 kacal. Aka cike masa huɗun a matsayin ya buga bai samu ba, makinsa ya sauko daga .353 zuwa .349, duk da haka ya ɗara .344 na Ellis Burks, aka ba shi kambu.