Wanda Ya Yi Noma Da Wanda Ya Yi Girbi

Assalamu alaikum 'yan uwa. Nasihata ta yau ga wanda aka zalunta a wurin aiki ce, ya yi wahala wani ya zo ya kwashi ladan duniya.

Masu kallon ƙwallo sun san Stephen Keshi, mai tsaron baya, kyaftin ɗin Super Eagles lokacin da suka ɗauko Kofin Afirka a Tunisiya a 1994. Da ya rataye takalmi sai ya koma horarwa, ya karɓi Togo, ƙasar da ba ta taɓa leƙa Gasar Kofin Duniya ba, ya samo mata gurbin zuwa Jamus a 2006. Saura 'yan watanni a tafi aka sallame shi saboda rashin nasara a gasar Kofin Afirka da aka yi a Masar, aka ɗauko Bajamushe Otto Pfister ya tafi da yaran. Ɗan uwa, da kai aka yi wa haka fa? Wasunmu wajen boka za su nufa, a rufe bakin wane, a karya wane, mutum ya sayar da imaninsa a kan kujerar da ba za ta bi shi kabari ba.

Keshi ya ci gaba da sana'arsa. Ya horar da Mali, ya dawo gida ya karɓi Super Eagles a 2011. A 2013 a Afirka ta Kudu ya ɗaga kofin da ya taɓa ɗagawa yana ɗan wasa, abin da kafin shi Mahmoud El-Gohary na Masar kaɗai ya yi. Kuma ƙwallo ɗaya tilo da aka zura wa Burkina Faso a wasan ƙarshe, Sunday Mba ne ya ci, yaron da ke buga wasa a gida. A 2014 ya je Gasar Kofin Duniya a Brazil da ƙafarsa, babu wanda ya iya tare shi. Rabon kwaɗo ba ya hawa sama.

To amma kada wani ya ɗauka haƙuri ciniki ne, wai dole a biya ka tun a nan. Shuaibu Amodu, shi ma mai horar da Super Eagles, sau biyu yana samo wa Najeriya gurbin Gasar Kofin Duniya, na 2002 da na 2010, sau biyun ana cire shi kafin a tafi. Manzon Allah (SAW) ya gaya wa Ibn Abbas cewa da al'umma za ta taru don ta amfane ka ko ta cutar da kai, ba za ta iya ba sai da abin da Allah Ya rubuta. Nemi haƙƙinka ta hanyar halal, ka kai ƙara in da wurin kaiwa, amma kada ka bar gaba da hassada su cinye maka salla.

Keshi ya rasu a birnin Benin na Jihar Edo a watan Yunin 2016 yana da shekara 54. Bayan kwana uku Amodu ya bi shi, a garin, cikin watan Ramadan. Allah Ya jiƙan Shuaibu, Ya sa mu cika da imani.