Kuɗin da 'Yan Lakota Suka Ƙi Taɓawa Tun 1980

A kasuwa idan mai kaya ya ce maka "albarka", ka san ciniki bai mutu ba, ƙari yake nema. Wanda ya ce maka "ba na sayarwa ba ne" kuwa, ko kwana ka yi kana tayi, yawun bakinka kawai kake ɓatawa. Gwamnatin Amurka ta kasa gane wannan bambanci, ko kuma ta ƙi ganewa, a kan mutanen da ake kira Sioux. Tun 1980 kuɗin diyyar ƙasarsu da aka ƙwace ke jibge a hannun gwamnati, ruwa na hawa kansu har sun haura dala biliyan ɗaya, masu kuɗin sun ce ba su karɓa. Kuma ba don suna da shi ba. Yankin Pine Ridge da ke Dakota ta Kudu, inda 'yan Oglala, wani reshe na Sioux ɗin, ke zaune, yana cikin wurare mafi talauci a duk faɗin ƙasar.

Wasu na ganin wannan taurin kai ne. Ni dai ina ganin sun fi masu ba su shawara lissafi.

Ko sunan Sioux ɗin (ana furta shi "Su") ba su suka raɗa wa kansu ba. Faransawa ne suka gutsuro shi daga sunan da maƙwabtansu 'yan Ojibwe ke kiransu da shi. Su a bakinsu Lakota ne ko Dakota, ma'ana aminai, haɗakarsu kuma Oceti Sakowin, wato murhu bakwai na shawara. Mahaya ne masu bin garken ɓauna, daga ita suke samun nama da fatar tanti da sutura. Tsakiyar duniyarsu kuwa wasu tsaunuka ne masu duhun itatuwa da suke kira Paha Sapa, Baƙaƙen Duwatsu, inda suke keɓewa su yi azumi da addu'a.

A 1868, bayan yaƙin da jagoransu Red Cloud ya ba sojan Amurka kashi, aka ƙulla yarjejeniya a Fort Laramie. Takarda ta ce tsaunukan nasu ne su kaɗai, kuma sashe na 12 ya gindaya sharaɗi: ba za a yanki ko taƙi ba sai kashi uku cikin huɗu na mazajensu baligai sun sa hannu. Alkawarin bai cika shekara bakwai ba. A 1874 George Custer, wani hafsan sojan Amurka, ya shiga tsaunukan da rundunar mutum sama da 1,000, aka ga zinariya, jaridu suka yayata, masu haƙa suka yi ca kamar ƙuda ya ga rake. A 1875 gwamnati ta taya tsaunukan dala miliyan 6, aka ƙi. Sai ta ba da umarni duk wanda ke daji ya dawo matsugunin da aka keɓe kafin 31 ga Janairun 1876. Duba lokacin da aka zaɓa: tsakiyar hunturu, ƙanƙara ta rufe hanya, dawaki sun rame, ga tsofaffi ga goyo. Wanda bai iso ba an ɗauke shi abokin gaba. Mai neman kuka ne aka jefe shi da kashin awaki.

Yaƙin Little Bighorn na 25 ga Yunin 1876, inda mayaƙan jagororin Lakota, Sitting Bull da Crazy Horse, tare da 'yan ƙabilar Cheyenne suka gama da Custer da mutanensa sama da 200, shi kowa ya sani. Abin da ya biyo baya ne ba a cika faɗa ba. Majalisar dokokin Amurka ta ce ba sauran rabon abincin da gwamnati ke ba su sai an sallama tsaunukan, alhali ana ta karkashe ɓaunar da mutanen ke rayuwa a kanta. Da yunwar da komai, kusan kashi 10 cikin 100 ne kawai suka sa hannu. Majalisa ta yi biris da sashe na 12, ta kafa doka a Fabrairun 1877 ta ƙwace wurin. A shekarar wani attajiri, George Hearst, ya sayi mahaƙar Homestake da ke cikin tsaunukan a kan dala 70,000, wadda kafin a rufe ta a 2002 aka kwashi zinariya sama da oza miliyan 40 daga cikinta. Daga baya, tsakanin 1927 da 1941, aka sassaƙa fuskokin shugabannin Amurka huɗu a jikin dutsen da 'yan Lakota ke kira Kakanni Shida, wanda yanzu 'yan yawon buɗe ido suka sani da Rushmore.

'Yan Sioux sun shigar da ƙara a 1923. Sai 30 ga Yunin 1980 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci, alƙalai takwas a gefe guda, ɗaya ya saɓa, cewa lallai ƙwace aka yi kuma a biya: dala miliyan 17.1, darajar ƙasar a 1877, da ruwan kashi 5 cikin 100 na shekara fiye da ɗari, jimilla sama da dala miliyan 100.

To a nan gizo ke saƙa. A dokar Amurka, ranar da aka karɓi kuɗin nan magana ta ƙare, ba sauran da'awa. Ƙwace ya rikiɗe ya zama ciniki, kotu ce shaida. Abin da yunwar 1876 ta kasa fitarwa daga bakin kakanni, wato "mun sallama", shi ake so jikoki su furta da sa hannu a takardar banki. Duk wanda ya taɓa zama a wurin rabon gado ya san dalilin da dattijo ke hana yara karɓar ko sisi daga wanda ya cinye musu iyakar gona.

Ban raina hujjar ɗaya ɓangaren ba. Mutumin da ke kwana a gidan da ba wutar ɗumi a sanyin Dakota, ko uwar da ciwon suga ke cin 'ya'yanta, ba mai bakin ce musu mutunci ya fi abinci, balle ni da ke rubutu daga nesa ciki a ƙoshe. Akwai ma 'yan ƙabilar da suka nemi a raba kuɗin. Amma a yi lissafi. Masu haƙƙi sun haura 100,000. Idan aka raba, kowa zai tashi da abin da bai wuce dala dubu goma da 'yan kai ba, kuɗin tsohuwar mota. Shekara biyu sun narke, talaucin na nan, tsaunukan sun tafi har abada. Kuma talaucin nan ai asalinsa rashin ƙasar ne. Maganin da za a biya da sauran abin da ya rage na ƙasar, ban ga yadda zai warkar ba.

Masu cewa mayar da ƙasar mafarki ne su ma suna kauce wa gaskiya. Babban ɓangaren tsaunukan gandun daji ne mallakar gwamnatin tarayya, ba gidan kowa ba. A tsakiyar shekarun 1980 Sanata Bill Bradley ya kawo ƙudurin mayar da eka miliyan 1.3 na irin wannan fili, ba tare da an tashi kowa daga gidansa ba. Wakilan Dakota ta Kudu suka ƙi, ƙudurin ya mutu a majalisa.

A 2012 aka sa wani fili a kasuwa a tsakiyar tsaunukan, makiyaya ce mai suna Pe' Sla, wuri mai tsarki da suke zuwa ibada duk shekara. Ƙabilu da dama, ciki har da Rosebud da Crow Creek da Shakopee, suka yi karo-karo, jama'a daga wurare daban-daban suka taimaka, aka tara dala miliyan 9 aka sayi kusan eka 1,900. Ƙasar da Kotun Ƙoli ta tabbatar ƙwace musu aka yi, ita suka saya da guminsu, ga fiye da biliyan ɗaya da sunansu a ajiye, ba su ciri ko dala ɗaya daga ciki ba.