Ranar da Na Mayar da Surukina Sifili Uku

Tun da na dawo daga Dutse da wata tsohuwar laftof mai aiki da manhajar Linux, mutanen ƙauyenmu, can tsakanin Gumel da Maigatari, suka laƙaba mini Injiniya. Ni kuwa ban musa ba. Shi ya sa da ƙungiyar manoma ta sayo takin zamani gab da faɗuwar damina, aka ce ni zan buga katin layi na mutum 120, a huta da rigimar wa ya riga wa.

Aikin da biro zai gama kafin shayi ya huce, na ce sam, sai da Bash, manhajar da ake rubuta wa kwamfuta umarni da ita a Linux. Na zauna a shagon mai cajin waya na rubuta ɗan umarnina. Na sa seq -w ya jero lambobi, suka fito ras, daga 001 har 120. Da na tsaya nan da an rabu lafiya. Amma iyawa ta motsa, na sake tura su cikin printf wai ya ƙara daidaita su gida uku-uku. Allon ya fara ƙorafi layi bayan layi, na ga yana ɓata mini tsari, sai na karkata ƙorafin zuwa /dev/null, ramin da abin da ya faɗa ba ya dawowa. Shiru. Na kai Gumel aka buga, ban ko duba ba.

Ashe a wurin Bash, duk lambar da ta fara da sifili ba ta lissafin goma-goma ba ce, ta takwas-takwas ce. A can babu 8, babu 9. Wato 010 takwas ce, 020 kuma sha shida. In ya ci karo da 8 ko 9 a cikin lambar, sai ya tsaya cak ya rubuta iya abin da ya karanta.

Ranar rabo, a ƙofar gidan Mai Gari, aka kira lamba ɗaya. Mutum uku suka miƙe: Mai Gari, da mai faci, da wani yaro da babansa ya aiko. Na 18 da na 19 duk sun zama 001.

"Injiniya," in ji Mai Gari, "yaushe aka naɗa mini mataimaka?"

"Ranka ya daɗe, inji ne..."

Ban rufe baki ba na hango mahaifin yarinyar da nake nema, wanda shi ne na 8 a rajista, yana juya katinsa sama da ƙasa. Ta kowace fuska abu ɗaya ne: 000. Na ƙarasa na durƙusa.

"Baba, kuskure ne."

"A'a, yaro, ai gara da ka rubuta. Yanzu na san matsayina a wurinka."

Aka koma kiran suna da baki. Na ce to, ko a lissafin kuɗi na wanke kaina, tunda umarnin yana tambayar buhu nawa ya ninka da farashi. Ƙanena ne a kan madannai. Liman ya ce biyu, shi kuma ɗan albarka ya rubuta "biyu" da haruffa. Ban gaya wa umarnin ya ƙi abin da ba lamba ba, Bash kuwa in ya ga kalma a cikin lissafi yana ɗaukarta sunan wani mazubin ajiye lamba ne, in mazubin babu komai ya ce sifili. Allo ya nuna naira 0. Ƙanena ya karanta da ƙarfi.

"Alhamdu lillahi," in ji Liman, ya mayar da kuɗinsa aljihu.

Nan take kowa ya ce shi ma biyu yake so.

"Allah gafarta Malam, ba kyauta ba ne!" Sai da ma'ajin ƙungiya ya hau kan buhuna yana rantsuwa kafin a yarda.

Da dare na gyara, kuma abin haushi layi biyu ne. Ɗaya ya duba abin da aka rubuta, in ba lambobi zalla ba ya sake tambaya. Ɗayan kuma 10# ne a gaban lamba, don Bash ya ƙirga kamar 'yan Adam. Na sake buga katin Baba, 008, har da leda, na aika ƙanena da shi.

Ya dawo mini da shi. Wai Baba ya ce na farkon ya fi so, ya adana shi a aljihun babbar riga, zai fito da shi ranar da magabatana suka zo tambaya.