Ranar da Na Kai Ciyaman Asibiti

Duk wanda ya gan ni ranar Talatar makon jiya a bakin Ƙofar Ƙaura, na sha shadda na kafa hula, ina rungume da tsohon bokitin fenti kamar mai ɗauke da jariri, to ya daure ya karanta wannan kafin ya ci gaba da yaɗa abin da yake yaɗawa. Ban zautu ba, kuma ba wanda nake shirin yi wa asiri. Marar lafiya na ɗauko.

Marar lafiyar kuwa kwaɗo ne. Tun saukar ruwan farko ya tare a gidanmu, ya samu wuri ƙarƙashin randa inda yashi ke da laima, ya zauna ba sallama ba kuɗin haya. Autata mai shekara 6 ce ta fara ganinsa. Yayyenta suka raɗa masa suna Ciyaman, wai don ba ya aikin fari balle na baƙi, sai dai ya hakimce ya kumbura maƙogwaro, abinci ya zo ya same shi har inda yake. Uwargida ta ɗauko tsintsiya za ta yi waje da shi, sai Hajiya, mahaifiyata, ta ce daga kan tabarmarta, "Ƙyale bawan Allah, tasbihi yake yi." Ta kuma tuna mana hadisin nan da wani mai magani ya tambayi Manzon Allah (SAW) game da sa kwaɗo cikin haɗin magani, ya hana shi kashe shi. To wa zai ja da Hajiya, ga kuma hadisi? Ciyaman ya samu takardar zama.

Kullum bayan magariba Auta za ta tsuguna gabansa da fara ko gyare. Ba ya kallon mataccen abu, ko da tsire ne, sai wanda ke motsi. In ya cafke fara sai ka ga idanunsa sun nutse cikin kai, kamar tsohon da ya kai lomar tuwo da miyar kuka ta ji man shanu. Daga baya na ji cewa ba santi ba ne, da ƙwayar idon yake taimaka wa kansa wajen danna abincin ya wuce. Ni dai ban cika shiga harkarsu ba. Sauro ne damuwata.

Ranar Litinin da safe aka tarar da Ciyaman a tsakar gida, rana tsaka kansa, ya baje ƙafafu, ido a lumshe. Auta ta kawo fara har bakinsa, ko ƙyaftawa bai yi ba. Ta ƙi koko, ta ƙi ƙosai, ta ƙi zuwa Islamiyya. Da dare ta zo ta riƙe mini gefen riga, hawaye shaɓe-shaɓe, ta ce, "Abba, ba kai ka ce duk wanda bai da lafiya ana kai shi asibiti ba?"

Ni na faɗa. Tsalle ɗaya ke jefa mutum rijiya. Na ce mata gobe in Allah ya kai mu.

Kafin in kwanta na yi kuskuren tambayar intanet. Cikin rabin awa na gano cewa Ciyaman na fama da cututtuka bakwai. Akwai wadda ƙwayoyin cuta ke sa cinya da ciki su yi ja. Akwai wata ta fumfuna mai cin fata, wadda aka gano a 1998, ta kuma yi wa kwaɗin Ostareliya da na Amurka ta Tsakiya ɓarna mai yawa. Ko'ina na duba shawarar ɗaya ce: maza ka garzaya wurin likitan da ya ƙware a kan kwaɗi. Masu wannan shawara kwaɗinsu a ɗakin gilashi suke kwana, da fitila da ma'aunin zafi. Nawa a gindin randa yake, a Katsina. Na juya na ce wa uwargida, "Ni fa ina zargin omon nan da kike watsa ruwan wankinsa a tsakar gida." Ta ce, "Allah ya ba ka haƙuri, Malam," ta ja zane ta rufe kai.

Da safe na kira wani abokina ɗan kasuwa, irin mutanen nan da ba abin da za ka nema a garin nan su ce ba su san mai shi ba. Na ce, "Kwaɗon gidanmu ne ya ƙi motsi tun jiya, ko ka san wanda zai duba mini shi?" Ko numfashi bai ja ba ya ce, "Wannan ai ƙaramin aiki ne. Akwai wani dattijo kusa da babbar kasuwa, ƙarƙashin bishiyar darbejiya. Duk irin kwaɗon da ka kai mashi, ko na ƙasar waje ne, sai ya tashe shi." Na yi hamdala, na ce ashe Katsina ta ci gaba ban sani ba.

Na zuba jiƙaƙƙen yashi a bokiti, na huda murfin, na sa Ciyaman, na kama hanya.

Tun daga nesa ya kamata in gane. Dattijon na zaune kan buhu, gabansa faifai cike da makullai, ga zarto, ga 'yar kwalbar baƙin mai da gashin kaza a ciki. Amma wanda ke neman mafita ba ya gani da kyau. Na durƙusa muka gaisa.

"Baba, kwaɗo na kawo."

"Madalla. Mi ya same shi?"

"Ya ƙi motsi."

"Ruwa ya taɓa shi halan?"

"Ai kullum cikin laima yake."

"To ka ji. Ku ne ba ku san darajar kaya ba. Yaushe rabon da ka ɗiga mashi mai?"

Na ce ban taɓa ba. Ya girgiza kai irin na wanda ya gaji da sakacin mutanen zamani, ya tsoma gashin kazar cikin baƙin mai, ya miƙo hannu. Na buɗe murfi. Baba ya leƙa. Ciyaman ya buɗe ido ɗaya. Suka kalli juna na ɗan lokaci, sannan Baba ya mayar da gashin kazar cikin kwalba a hankali, ya ce, "Ɗana, shekara arba'in ina wannan sana'a, ban taɓa ganin wanda ba ramin makulli ba." Masu sayar da goro da ke gefe har da mai faɗuwa daga kan benci.

Daga nan na nufi shagon maganin dabbobi. Yaron shagon bai yi dariya ba, wannan na yaba masa. Shi a wurinsa duk abin da ke numfashi ciniki ne. Ya jero mini kafso ja da yalo, da maganin tsutsa na awaki, da sinadarin da ake zuba wa kaji a ruwa, ya ce in haɗa duka, wanda bai yi ba wani zai yi. Har ya zaro sirinjin allurar shanu. Na dubi allurar, na dubi Ciyaman, na ga in aka soka ta baya sai ta ɓullo ta gaba da sauran tsawo. Wani makiyayi da ya zo sayen maganin hanta yana tsaye yana kallonmu, sandarsa a kafaɗa. Cikin ladabi ya tambaye ni, "Malam, guda nawa gare ka?" Na ce ɗaya ne. Ya jinjina kai ya ce, "Haka ake farawa. Allah ya sa albarka, Allah ya yaɗa." Shi ne ma ya ba ni shawarar kirki ta farko a ranar: in daina yawo, in tafi asibitin dabbobi wurin likita na gaskiya.

A cikin Napep wata tsohuwa ta tambaye ni ko fura ce a bokitin. Da na san abin da zai biyo baya da na ce fura ce. Ta ja a'uziyya uku a jere, ta tattare mayafinta, ta ce wa direba ya sauke ta nan take. Tana sauka tana cewa, "Ka ji tsoron Allah, ko 'yar wa ce ka sake ta." Direban ya kalle ni ta madubi ya ce sai na biya kuɗin kujerarta.

A asibitin na shiga layi bayan raguna biyu, da akuya mai zawo, da wani doki da aka yi wa lalle a ƙafa, da yaro riƙe da karen farauta. Kowa na taƙama da abin da ya kawo. Ni na zauna can ƙarshen benci na tura bokiti ƙarƙashin ƙafa. Mai yankan kati ya ɗaga biro.

"Wace dabba?"

Na rage murya. "Kwaɗo."

"Mi?"

"Kwaɗo."

"KWAƊO?" Har dokin sai da ya waiwayo. "Sunan mai shi?" Na faɗa. "Namiji ne ko mace?" Na ce sunansa dai Ciyaman. Ya rubuta namiji. "Shekarunsa?" Na ce ba a gabana aka haife shi ba.

Likitar matashiya ce, ba za ta wuce sa'ar ƙanwata ta uku ba. Ta yi dariyarta ta gama, ta share ido da gefen hijabi, sannan ta gaya mini gaskiya, abin da ya sa na ji na yarda da ita. Ta ce karatunsu a Zariya kusan duk a kan shanu da tumaki da awaki da kaji da dawaki da karnuka ne, domin su ne dukiyar mutane. Rabonta da kwaɗo tun ajin farko, shi ma a kan tebur yake an fede shi. Na sa hannu na rufe bokitin kada Ciyaman ya ji.

Amma ta san abin da take yi. Ta sa safar roba, ta ɗauraye ta da ruwa mai tsabta kafin ta taɓa shi, ta ce ko gumin hannun mutum da man shafawa suna cutar da fatarsa. Ta kifa shi ta duba ciki da cinyoyi, ta ce jan ba mai yawa ba ne. Ta ɗora shi kan ɗan sikelin awon magani. Sannan ta yi mini bayanin da har yau nake maimaita wa mutane ko ba su tambaya ba: kwaɗo ba ya shan ruwa da baki. Ta fata yake zuƙa, musamman fatar ƙasan ciki, shi ya sa yake zama daɓas cikin laima. Har wani kaso na numfashinsa ta fatar yake yi. Duk abin da ya zuba inda yake zaune, sabulu ne, gishiri ne, kalanzir ne, tamkar ka ɗura masa ne a baki.

Na gyara zama na ce, "Likita, abin da na faɗa wa maiɗakina ke nan. Omo ne."

"Zai iya yiwuwa. Nan gindin randar take zubarwa?"

"A'a, can wajen magudana."

"To cikin kwanakin nan ba wanda ya yi feshin maganin sauro?"

Na yi shiru. Fankar ofishin tana ta ƙara.

Daren Lahadi sauro ya hana ni barci. Na tashi cikin fushi na ɗauko fiya-fiyar nan ta kwalba da ake sayarwa a bakin titi, wadda ba suna ba takarda, na bi lungu-lungu ina yayyafawa. Na kuma fi ba da ƙarfi a gindin randa, domin a ganina nan ne hedikwatarsu.

"Alhaji," in ji ta, ta cire tabarau, "randar da kuke shan ruwa?"

Daga nan aka bar zancen kwaɗo aka koma kaina. Ta wanke ni tas, ba sabulu. Ta ce wannan ruwan guba ne da ba a yi shi don ɗakin kwana ba balle kusa da abin sha, yana shiga jikin mutum ta numfashi da ta fata, yara kuma sun fi saurin jikkata. A zubar da ruwan randar, a wanke ta, a kwashe yashin a sa sabo, a nemi gidan sauro. Shi kuma marar lafiya ba allura ba kafso: a sa shi a roba mai tsabta wadda sabulu bai taɓa ba, da ruwan sama ko na rijiya ɗan kaɗan, iya cikinsa kada ya rufe hanci, a riƙa canjawa, a ajiye shi a inuwa, a daina jagwalgwala shi. Duk wanda ya taɓa shi ya wanke hannu. In jan cinyar ya ƙaru in dawo da shi. Ta ƙi karɓar ko kwabo bayan kuɗin kati, sai dai ta roƙi alfarmar ɗaukar hotonsa ta tura wa 'yan ajinsu.

A hanyar gida na tsara yadda zan ba da labari ba tare da fiya-fiya ta fito a ciki ba. Na shiga na ce, "Likita ta ce wani abu ne ya taɓa fatarsa. Ta kuma ce yana da kyau a riƙa wanke randa lokaci-lokaci." Uwargida ta ce, "Wani abu kamar omo?" Na ce ba ta dai ambaci suna ba. Sai Hajiya, wadda nake zaton barci take, ta ce, "Ko kamar abin nan mai wari da ka tashi tsakar dare kana watsawa kana zagin sauro?" Ni na wanke randar, ni na kwaso yashin, da shaddata a jikina.

Kwana uku Ciyaman yana jinya a robar da aka saya masa sabuwa fil. Da yake ni na jawo, ni aka ɗora wa ciyarwa. Bayan isha'i ina bayan gida a tsugune da fitilar waya ina farautar gyare, sai ga liman da mutum biyu sun biyo ta lungun. Ya tsaya ya ce, "Malam, wani abu ya faɗi ne?" Na ce e, Allah gafarta Malam, amma na kusa samu.

Daren Juma'a ya cafke gyaren farko, idanu suka nutse, Auta ta yi ihun da ya tada maƙwabta. Washegari ya tsallake robar da kansa ya koma gindin randa bai ko waiwaye ni ba. Yanzu a gidan sauro nake kwana, ina gumi, ina jin sauro na kiɗa a waje, shi kuma yana can cikin sanyin yashi.

Jiya na bi ta bakin kasuwa, na sunkuyar da kai na ƙara sauri. Ban tsira ba. Daga ƙarƙashin darbejiya Baba mai makullai ya ɗaga gashin kazarsa sama, ya ƙwala yadda har masu goro za su ji: "Ɗana! Ya mai jiki? Ya buɗe kuwa?"