Titin Legas zuwa Kalaba: yashin bakin teku ba kango ba ne

Tun da aka fara aikin titin bakin teku daga Legas zuwa Kalaba a 2024, mai tsawon kusan kilomita 700, cacar baki ba ta wuce kuɗi da rusau ba. Atiku Abubakar da ministan ayyuka David Umahi sun yi ta jifan juna da alƙaluma, an yi ta kuka kan rushe wurin shaƙatawa na Landmark da ke bakin teku a Legas. Abin da ke ba ni haushi shi ne kowane ɓangare yana maganar yashin bakin ruwa kamar filin Allah ne da babu mai shi.

Akwai masu shi. Kunkurun teku, ɗan'uwan kififiyar da muka sani a koguna, yana ƙare rayuwarsa a cikin ruwa, amma dole macen ta fito tudu ta yi ƙwai. Da dare take fitowa, ta haƙa rami a yashi, ta zuba ƙwai kusan 100, ta binne, ta koma. Bayan kimanin wata biyu 'ya'yan su ƙyanƙyashe, su nufi inda haske ya fi yawa, wato sararin teku. To ka kafa fitilun titi a bayansu, motoci na ta haskawa har asuba, ina za su nufa? Kwalta. Kuma macen kan dawo yankin da aka ƙyanƙyashe ta ne bayan shekaru da dama, ba a yi mata canjin wurin zama kamar yadda ake biyan mai shago diyya ya koma wata unguwa.

Wani abin mamaki ma, zafin yashi ne ke tantance jinsin ɗan. Idan ya haura digiri 29 a ma'aunin Selsiyos, mata kan rinjaya. A arewacin Great Barrier Reef, dogon jerin duwatsun murjani a tekun Ostareliya, wani bincike da aka wallafa a 2018 ya gano cewa kusan kashi 99 cikin 100 na ƙananan koren kunkuru mata ne. Ka sare itatuwan bakin ruwa, ka kwashe yashi, ka shimfiɗa siminti, sannan ka ce ba ka taɓa komai ba.

Na san masu cewa mutum na fama da yunwa, ana maganar kunkuru. Wannan magana ce ta wanda bai taɓa tambayar masunci abin da ya kamo yau ba. Dazukan fadamar gishiri da ke gaɓar Neja Delta da Kuros Riba, inda titin ya nufa, nan ne kifi da jatan lande ke hayayyafa. Ka lalata nan, ka lalata tukunyar talaka.

Gabon ta keɓe gandun dajin Mayumba da Pongara, gaɓar da ke karɓar taron kunkuru mai bayan fata mafi girma a duniya. Mu kuwa mun kafa ma'aikatar tattalin arzikin teku a 2023, amma hirar ba ta wuce tashar jiragen ruwa da kuɗin shiga ba.

Ban ce a fasa titi ba. A matsar da shi daga bakin ruwa inda ya kamata, a rage fitilu a lokacin ƙwai, a hana masu tifa kwasar yashi yadda suka ga dama. Kunkuru ya so dambe, ba shi da yatsa, kuma ba shi da sanata. Sauran ɗaruruwan kilomita ba a shimfiɗa ba tukuna, Umahi ya fito ya faɗa mana wace gaɓa ce za a bari.