Zuwa ga ƙanena da aka danƙa wa ajin SIL, ajin farko na firamare

Ƙanena, na ji labari an tura ka wani ƙauye a hanyar Mora, a arewacin Kamaru, kuma dirakta ya ba ka ajin SIL. Allah ya sanya alheri. Wannan magana taka ce, amma duk wanda ya fito makarantar horon malamai ta ENIEG bana da takardar shaidar malanta ta CAPIEMP a jaka, shi ma ya matso kusa.

Na san ranka bai so ba. Kowane sabon malami ajin ƙarshe, wato CM2, yake hange, inda ake shirin jarrabawar kammala firamare ta CEP, inda sunan mutum ke fita idan sakamako ya yi kyau. To ka sani, abin da ake girba a CM2, a ajinka aka shuka shi. Yaron da ya bar SIL da CP, aji na biyu, bai iya haɗa baƙi da wasali ba, haka zai yi ta jan ƙafa har ya gaji ya koma kiwo.

Ran farko za su miƙe su ce maka "Bonjour monsieur" da murya ɗaya, har ka ji daɗi. Kada wannan ya ruɗe ka. Iyakar Faransancin yawancinsu ke nan. Wani Fillanci ya taso da shi, wani Mafa, wani Barbarci, wani Larabcin Shuwa, 'yan namu kuma Hausa.

Bari in ba ka labarin abin da har yau yake ci mini rai. A shekarata ta farko akwai wani yaro siriri da ke zama can baya a kan tabarma, don bencina ba su isa ba. Na ce ya zo gaban allo, sau uku, da Faransanci. Ya zuba mini ido kawai. Na ɗauka raini ne, na zabga masa tsumagiya biyu. Bai yi kuka ba. Da aka fita hutun tsakar rana sai wata yarinya ta raɓo ta ce mini da Hausa, "Metir, ai ba ya jin abin da kake faɗa, jiya-jiya suka sauko daga kan dutse." Washegari bai zo ba. Sai da na taka har gidansu, na zauna da kakansa, wani ya yi mana tafinta, sannan aka dawo da shi. Ya yi kusan wata guda in na nufo wajensa sai ya kare kansa da hannu. Dokar ilimi ta 1998 ta hana dukan ɗalibi a Kamaru, na kuma san da ita a lokacin, amma wannan hannun da yake ɗagawa ne ya raba ni da bulala.

Saboda haka a makon farko ka gano yaren kowa. Ka nemi waɗanda suke jin biyu ko uku, a irin garuruwanmu ba a rasa su, ka zaunar da su kusa da waɗanda ba sa ji. Kai ma ka koyi 'yan kalmomi: zo, zauna, duba, madalla. Da ka ce "war" da Fillanci ka biyo da "viens", yaro ya kama, gobe ba sai ka maimaita ba. Girmanka ba zai zube ba don ka yi gwaranci a yarensu. Dariya za su yi, kuma yaron da ya yi dariya ya saki jiki.

Sai batun rera karatu. Yaranmu sun saba da hadda tun daga makarantar allo, kunnensu kamar maganaɗisu. Ka rubuta ba, be, bi, bo, bu, za su rera maka har makwabta su ji. Ka nuna na tsakiya shi kaɗai, ka ga yadda aji zai yi tsit. Ni abin da ya fisshe ni shi ne ƙaramin allon hannu: in faɗi harafi, kowa ya rubuta, in buga tebur, kowa ya ɗaga sama. Cikin ƙiftawar ido ka ga wanda ya gane da wanda yake leƙen na kusa da shi, ko da sun haura tamanin.

Abu na gaba ba a koya mana shi a ENIEG ba, shi ne takardar haihuwa. Ka tambaye ta tun yanzu, yaro bayan yaro, ka rubuta sunan duk wanda ba shi da ita. Ba a karɓar takardun CEP sai da ita, kuma idan wa'adin yin ta ya wuce, sai an bi ta kotu, ga kuɗi ga zirga-zirga. Na ga yarinyar da ta fi kowa a CM2 tana tsaye bakin taga ranar da ake cike takardu. Shekara shida ba wanda ya tambaya. Uban da ka faɗa masa yau yana da shekara biyar na shiri.

Ka je ka gaida lawan mai gari da liman da malamin allo tun kafin wata matsala ta kai ka. Lokacin dashen masakwa a karal, wato ƙasar laka mai riƙe ruwa, da lokacin tsinkar auduga za ka ga aji ya rage. Ka bi sawu da lalama, talauci ne ba ƙin boko ba. Haka kuɗin APEE, ƙungiyar iyaye da malamai: tun 2000 aka soke kuɗin makarantar firamare ta gwamnati, amma da abin da iyaye ke tarawa ake biyan malaman da ba su kan albashi. Ka yi maganarsa da uba, kada ka tsayar da yaro gaban 'yan'uwansa a kansa. Su kuma waɗannan malaman iyaye, kada takardarka ta sa ka hura musu hanci. Wani ya shekara goma a ƙauyen, ya san gidan kowa.

In Maris ya shigo, zafi ya wuce digiri 40 a ƙarƙashin kwano, ka gama karatu da lissafi da sanyin safiya, ka ajiye randa a bakin ƙofa. Kuma kafin ka hau mota, ka biya kasuwar Marwa ka sayi kwalin alli biyu da jan biro da kuɗinka. Kayan aikin da ake ba makaranta a farkon shekara kan makara, ni sai da na yi sati uku ina rubutu da guntayen da na tsinta a ƙarƙashin allo.